Ki damƙa wa Kaka abin da za ta raba wa jikokinta

'Yar'uwa, idan za ki kai yara gidan kakanninsu, kada ki tafi da tarin dokoki kan alewa da kayan zaƙin da za a ba su. Ki tafi da ƙullin abin da kika yarda su ci: dabino, ayaba, ɗan ƙuli-ƙuli. A kasuwa za ki haɗa su da kuɗi kaɗan.

Kada ki ba yaran. Ki durƙusa ki miƙa wa Hajiya, ki ce, "Hajiya, ga na maigidanki da kishiyarki, ke za ki raba musu."

Kaka ba alewar ce ta dame ta ba. So take jika ya rugo ya faɗa jikinta, ta kwance bakin zani ta ba shi wani abu. In hannunta da abin bayarwa, ba za ta aika shagon bakin layi a sayo lemon kwalba da cingam ba. Kuɗinta ya huta, haƙoran yara ma haka, kuma ba ki ce wa babba "kar ki" ba.

Kallon talabijin har bayan isha'i kuwa, ki kau da kai. Ai kwana biyu ne.

Amma dabarar ba ta aiki a kan jariri. Ruwa ko jiƙo kafin wata 6, zuma kafin shekara 1, waɗannan ba a yi musu kawaici. In surukarki ce, maigida ya faɗa mata da kansa, ko ki roƙe ta ta raka ki rigakafi ta ji daga bakin ma'aikaciyar jinya.

In kuma gida ɗaya kuke zaune, ƙulli ba zai isa ba, sai an zauna an yi magana.