Kurakuran da ke kashe danjar kan titi tun kwananta bai ƙare ba

Da zarar danja mai aiki da sola ta mutu sai ka ji an ce batir ne, a je a sayo sabo. Sau da yawa batirin ba shi da laifi, yunwa ce ta kashe shi. Duk wanda ya tsaya a Kwangila, Zariya, cikin watan Janairu ya ga irin ƙurar da tireloli ke tayarwa a hanyar Kaduna zuwa Kano, ga kuma hazon hunturu. Wannan ƙura a kan farantin sola take kwantawa, caji ya ragu, batir ya riƙa kwana da rabin ciki har ya lalace. Maganin ruwa ne da tsumma mai laushi, ba omo, ba goga mai kaushi. A wanke da sassafe. Ruwan sanyi a kan gilashin da ya sha ranar azahar yana iya tsaga shi. Gilashin kyamara da fuskar fitilun ma a goge su a lokaci guda.

A duba zaman farantin kuma. Zariya tana arewa da tsakiyar duniya da kusan digiri 11, don haka ya fuskanci kudu, a ɗan karkace. Wanda aka shimfiɗa kamar tabarma, ƙura da ruwa yake tarawa.

In dai canjin batir ya zama dole, kada a haɗa sabo da tsoho a jere ɗaya, domin tsohon zai janyo sabon ƙasa. Batirin dalma mai bolt 12 idan ya cika ya huta yana nuna kusan 12.7, in kullum da asuba mita na nuna ƙasa da 12, akwai matsala a caji. Zafi ma maƙiyinsa ne. Akwatin ƙarfen da batir ke ciki a ranar Afrilu tanda ne, shi ya sa aka yi masa kafofin shan iska, amma zanzaro kan toshe su da laka ba wanda ya lura. Wasu kuma sai su bar ƙofar a buɗe wai ya sha iska, ƙadangare da ɓera su samu masauki, ɓeran ya ci waya.

Kuskuren da ya fi ba ni haushi shi ne na fis. Ya ƙone, maimakon a nemi dalili sai a naɗa masa siririn waya a tafi. Fis ɗin kuɗinsa kaɗan ne, allon na'urar danja da yake karewa kuwa sai an jira oda. Haka wayar da aka binne a ƙasa don aradu: ba a tuna ta sai tsawar farkon damina ta ƙona komai. A auna ta a watan Afrilu, a liƙe duk ramin da kebul ya shiga akwati.

Akwai kuma na'urar da ke hana kore kamawa a hannu biyu masu karo da juna. Idan ta ga matsala sai ta mayar da danja tana ƙyaftawa, wani gwani ya tsallake ta don fitila ta dawo. Wannan wasa da rai ne. Gara a bar ta tana ƙyaftawa, jami'i ya ba da hannu, har a gano wayar da ta haɗu.

Kowace ziyara a rubuta kwanan wata, abin da mita ta nuna da abin da aka canja, a ajiye littafin cikin leda a akwatin.