Ranar da yaronka ya dawo ya ce an kira shi "ya abd" a makaranta

Wannan na rubuta ne saboda ƴan uwa da suka ɗauko iyali suka zo Saudiyya kwanan nan, musamman Jidda da Makka, dan na lura kowa hankalinshi na kan iƙama da kuɗin haya da yadda za a saka yaro a tsarin Nur na rajistar ɗalibai ta intanet, amma ba mai gaya maka abin da zai iya biyo baya in yaron ya shiga aji.

Nawa yana aji huɗu na firamare abin ya faru. Yaro mai son makaranta, kawai sai ya tsiri ciwon ciki duk safiya, daga Lahadi har Alhamis, Juma'a da Asabar kuma garau yake yana buga ƙwallo a lungu. Uwarshi ce ta fara ganewa, dan burodin da take saka mishi a jaka haka yake dawowa ko gutsira bai yi ba. Da ƙyar ya faɗa, wai lokacin fus-ha, wato tara, wasu yara uku ne suke tare shi a layin shagon makaranta, ɗaya ya goga yatsa a hannunshi ya duba wai ko baƙin zai fita, sauran suna "ya abd, ya takruni". Abd dai bawa kenan. Takruni kuwa tsohon suna ne da ake kiran mutanen Afirka ta yamma da shi, daga nan muka samo takari da muke faɗa a gida, wani zai faɗe shi ba da nufin komai ba amma a bakin yaro mai neman tsokana zagi ne, kuma yaronka ya san bambancin. Sai 1962 aka soke bauta a ƙasar nan, toh kaga ba wani nisa can ba, kalmar tana nan da dafinta.

Wallahi abin da ya fara zuwa raina shine in je ƙofar makarantar in jira yaran. Kar ka yi. Ka taɓa ɗan wani ko ka daka mishi tsawa, maganar ta juya kanka, kuma kai baƙo ne. Haka kar ka ce wa naka "in ya zage ka rama da duka", dan wanda ya kai hannu shi ake rubutawa, zagin kuma ba wanda ya ji. Amma shirun da mutanenmu suke yi ma ban yarda da shi ba, wai kar a ja magana a taɓa iƙama. In takardunku na kan ƙa'ida, kai ƙara a makaranta ba abin da ya haɗa shi da jawazat, wato hukumar fasfo da iƙama.

Wanda za ka fara nema ba mudir, wato shugaban makaranta, bane. Kowace makaranta tana da malami mai kula da halin ɗalibai, da ana ce mishi murshid ɗullabi, yanzu muwajjih ɗullabi, sai wakil wato mataimakin shugaba mai kula da harkar ɗalibai, sannan mudir. Ma'aikatar ilimi tana da kundin dokoki da ake kira ƙawa'idus suluk wal muwazaba, an kasa laifuka daraja-daraja, kowane ɗalibi yana da makin hali 100 da ake zaftarewa, kuma matakan suna hawa ne: gargaɗi, a saka yaro ya rubuta ta'ahhud wato alkawarin ba zai sake ba, a kira waliyyinshi, a canja mishi aji, in ya ƙi ji har a maida shi wata makarantar. Duka kam an hana malamai, kar ka je kana jiran a zane maka shi kamar a gida.

Abin da na koya shine makaranta a nan takarda take ji. Na je da baki a karon farko, aka kawo min shayi, aka ce ai yara ne, wasa ne, kullunmu ƴan uwa ne, na fito ina murna. Sati bai zagayo ba aka koma gidan jiya. Karo na biyu sai na sa wani maƙwabcina haifaffen nan ya rubuta min da Larabci, kwanan wata, wurin da abin ya faru, ainihin kalmar da aka faɗa ba tare da sakaye ba, da yaran da suka gani. Shi ya ce in tabbata na saka kalma biyu, tanammur da unsuriyya, cin zali da wariyar launi kenan, saboda su ne suke sa malamin ya gyara zama. Haka kuwa aka yi, washegari aka kira iyayen.

Za su nemi a yi sulhu, kusan kullum haka ake, a sa yaron ya ba da haƙuri, wani uban ma da kanshi zai tashi ya sumbaci kan ɗanka. Ni dai na karɓa, dan biyu daga cikin iyayen kunya ta kama su sosai, ɗaya har ya jawo maganar da Annabi (SAW) ya yi wa Abu Zarri lokacin da ya goranta wa wani mutum da uwarshi, cewa akwai sauran jahiliyya a tare da shi. Na ukun ne ya zauna yana danna waya. Ka yi sulhun, amma ka ce a rubuta mahdar, wato takardar bayanin zaman, a saka hannu tukuna, in an sake kana da abin nunawa.

In makaranta ta yi burus, akwai idaratut ta'alim, wato ofishin ilimi, ta garinku, da hanyar Tawasul ta ma'aikatar ilimi a intanet inda ake shigar da koke a ba ka lamba. Layin taimakon yara 116111 ne, yaro da kanshi ma zai iya kira. In kuma abin ya wuce zagi ya kai ga taɓa jiki ta hanyar lalata, wannan ya fi ƙarfin wakil, ƴan sanda ne, dokar taharrush ta 2018 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 5 da tarar riyal 300,000 in yaro aka yi wa ko a wurin karatu ne.

Dan Allah kar a ɗora a TikTok ko Facebook. Mu da saurin ɗaukar bidiyo a kira sunan makaranta da na malami, toh a nan tashhir ake kiranshi, ɓata suna, kuma dokar laifukan intanet ta 2007 ta yanka har shekara 1 a gidan yari ko tarar da ta kai riyal 500,000, ko da kai aka zalunta. In a group ɗin ajin na WhatsApp aka zagi yaron, ɗauki hoton allon ka ajiye ka kai wa muwajjih, shikenan.

Masu ƴaƴa mata, makarantar mata uba ba ya shiga, iyakarka wajen maigadi, uwa ce za ta je, in Larabcinta bai nuna ba ta tafi da wata ƴar uwa cikin Hausawan da suka daɗe. Su ƴan mata kuma tsokanar tasu yawanci a kan gashi ne da ƙin zama kusa da mutum, ba ta barin tabo, sai kin zauna kin tambaya a hankali lokacin kitso.

Nawa dai sai da na nuna mishi Usama Hausawi sanye da ƙyallen kyaftin na ƙungiyar ƙwallon Saudiyya a gasar kofin duniya ta 2018, na ce karanta sunanshi. Ya karanta sau biyu, ya tambaye ni ko shi ma yana cin tuwo.