Darasi na 9: Wanki da Ajiyar Kayan Ɗiban Maniyyin Ingarma

Toh 'yan uwa, yau zamu tsaya ne akan aikin da kowa yake gudu, wato bayan an gama ɗiba an mayar da ingarma turke, kowa ya gaji, ga kaya nan a zube. Sau da yawa idan goɗiya bata ɗauki ciki ba sai kaji ana cewa dokin ne bashi da ƙarfi, alhali dokin lafiyarsa ƙalau, kayan ne suka kashe ƙwayoyin maniyyin tun kafin su isa kwalba.

Babban kayan aikin shine farjin roba. Akwai samfurin Missouri mara nauyi mai rigar fata, akwai Colorado mai nauyi wanda ya fi riƙe zafi, akwai kuma Hannover. Duk dai tsarin ɗaya ne, ana zuba ruwan ɗumi tsakanin bango biyu har cikin ya kai digiri 45 zuwa 48 a ma'aunin Celsius, sai robar ciki wadda ita ce take taɓa dokin, sai matata, wato abin tacewa, mai tare kaurin nan mai yauƙi dake cikin maniyyi, sai kwalba a ƙarshe.

Robar cikin nan ita ce tafi bani tsoro. Ƙwayoyin maniyyi basa jure ruwa, ko ɗigo kaɗan ya rage a ciki zai kashe su, sabulu kuwa ya fi ruwa sharri, domin yana maƙalewa a jikin roba ko kayi ɗauraya sau nawa, idonka bazai ganshi ba hancinka ma ba lallai yaji ba. Ni kaina na taɓa faɗawa wannan ramin lokacin da nake koyon aikin, na ɗauko garin sabulu na dirje robar tas har tana ƙamshi ina jin daɗi nayi tsafta, washegari da aka ɗiba likitan dabbobi ya ɗiga a gilashi ya leƙa na'urar ganin ƙananan halittu, ya kira ni nima na leƙa, wallahi yawancinsu kwance suke basa motsi, 'yan ƙalilan ne ke kaɗa wutsiya a waje ɗaya. Aikin ranar ya tafi a banza, kuma goɗiya bata jiran kowa, in lokacinta ya wuce sai an ƙirga kusan kwana 21.

Ga yadda ake yi. Da an gama, kar ka bari ya bushe a ciki. Fara zubar da ruwan da ke tsakanin bangon, ka juya robar, cikinta ya koma waje, ka wanke da ruwan zafi zalla har santsin ya fita, sannan ka jiƙa ta cikin sifirit mai ƙarfin kashi 70 cikin 100 kamar minti 20 zuwa 30, ka ciro ka rataye ta a kabad mai rufi inda ƙura bata shiga. Kar ka goge da tsumma. Kuma sai ta bushe ƙarau, domin shi ma sifirit ɗin in bai gama tashi ba kisa yake. Sabuwar roba ma a yi mata haka kafin amfanin farko.

Wajen ajiya, roba bata son rana bata son zafi, kuma bata son kusa da injin lantarki mai tartsatsi saboda iskar da yake fitarwa tana cinta. Kar a ninke ta a danne da kaya, nan wajen ninkin ne take fara tsagewa. Dan Allah kar a shafa mata basilin, yana lalata roba, akwai man santsi na musamman da baya kashe maniyyi, shi kaɗai za'a saka. Rigar fatar a goge a bari ta sha iska, kar a kulle ta da danshi.

Sai maganar cuta. Roba ɗaya tana iya kwaso ƙwayar cuta daga wannan ingarma ta kai wa wancan, daga nan ta shiga mahaifar goɗiyoyi, irin su Pseudomonas da Klebsiella da ciwon mahaifar nan mai yaɗuwa da ake kira CEM. Shi yasa ni a ganina kowane ingarma ya samu robarsa da sunansa a jiki, ko a riƙa saka ledar ciki ta amfani ɗaya a yar, duk da wasu dawakan basa sonta. Gunkin goɗiya, wato abin da aka ƙera ingarma yake hawa lokacin ɗiba, shi ma a naɗe bayansa da sabuwar leda a kowane hawa, a wanke, a taɓa da hannu ko akwai yagewa ko ƙusa da ta leƙo.

Matata sau ɗaya ake amfani da ita. Kwalba da duk abinda zai taɓa maniyyi a ajiye su a bushe, ranar aiki su kasance da ɗumin digiri 37, sanyi na farat ɗaya yana illata ƙwayoyin. Ma'aunin zafi ma yana ƙarya in ya tsufa, tsoma shi cikin ruwa mai ƙanƙara da yawa, in bai nuna 0 ba a canza shi.

Aikin gida: ɗauko robarka ka miƙe ta a hankali ta fuskar haske. In kaga ƙananan tsaga kamar faso, ko tana kama yatsa kamar ƙaro, ko kaji ƙamshin sabulu, ware ta gefe ka rubuta kwanan wata a littafinka, ka zo da ita aji mu duba tare.