Babi na 6: Yadda Ake Tsayar da Jini Kafin a Isa Asibiti

Wannan babi na kowa ne: malamin makaranta, mai gadin kasuwa, kwandasta a tasha, uwa a tsakar gida. Ba sai kun zama likitoci ba. Ku karanta a hankali. Inda ba ku gane ba, ku tsaya ku sake, ko ku ce wa na kusa da ku ya karanta muku. Babu kunya a ciki, koyo muka zo yi.

Darasi na 1: Jinin da ke da haɗari

Babban mutum yana da jini kusan lita 5 a jikinsa, na yaro kuwa bai kai haka ba ko kusa. Idan babbar jijiya ta yanke, rai zai iya fita cikin minti 5, tun kafin a samo mota. Saboda haka wanda ke tsaye a wurin shi ne mai ceto. A Amurka ma, duk da yawan asibitocinsu, tun 2015 suka fara shirin koya wa jama'a wannan aiki, har suna ajiye kayansa a makarantu da filayen jiragen sama.

Jinin da ke tsartuwa, ko yake malala har ya taru a ƙasa, ko yake jiƙa tsumma sharkaf nan take, shi ne mai haɗari. Haka nan idan mutumin ya fara jiri, jikinsa ya yi sanyi, gumi yana keto masa.

Darasi na 2: Danna, kada ka ɗaga

Wannan shi ne darasin. Ko kun manta sauran, ku riƙe wannan.

Da farko ka kare kanka. Sa safar hannu ta roba. In babu, zura hannunka cikin leda mai tsabta. Kwantar da mutumin ko ka zaunar da shi. Janye tufa ka ga ainihin inda jinin yake fitowa. Ɗauki ƙyalle mai tsabta: ɗankwali, mayafi, rawani, ko rigarka. Ninke shi, ɗora shi a kan raunin, ka danna da tafin hannu biyu, gwiwar hannu a miƙe, nauyin jikinka a kai.

Yanzu ka tsaya a haka minti 10. Kada ka ɗaga ka leƙa.

A nan kusan kowa yake faɗuwa a aji. Mutum zai danna da kyau, sai bayan minti ɗaya zuciyarsa ta ce masa, "Bari in ga ko ya tsaya." Da ya ɗaga, ɗan daskarewar da jinin ya fara yi a bakin raunin sai ta ɓalle, aiki ya koma farko. Kamar mai toshe tulun da ya huje ne, yana cire yatsa don ya ga ko ruwan ya daina zuba. Don haka kada ka ɗaga. Ko wani dattijo ya ce, "Ɗan ɗaga mu gani," ka ce masa, "Baba, a yi haƙuri, sai minti goma sun cika."

Jini ya keto ta ƙyallen? Kada ka cire shi. Ɗora wani a kai, ka ƙara ƙarfi. Mutumin yana ihu cewa da zafi? I, da zafi. Ba shi haƙuri, ka ci gaba da dannawa. Hannunka ya gaji? Wani ya ɗora hannunsa a kan naka tukuna, sannan ka zare naka.

Mu gwada. Kowa ya naɗe tsohon zane a matsayin ƙafar mai rauni. Mutum ɗaya ya duba agogon waya. Ku danna. Za ku ga minti 10 sun fi yadda kuke zato tsawo. Wanda ya ɗaga ya sake daga farko, ba laifi, haka ake koyo. Ku faɗa tare: na danna, ba zan ɗaga ba. Ku sake faɗa. Madalla.

Darasi na 3: Abin da ba a zubawa a rauni

Na sha faɗa, amma har yanzu in na tambaya sai wani ya ce ƙasa, wata ta ce toka, direbobi su ce man birki. Haba jama'a! Ƙasa da kashin dabba su ne ke kai wa mutum cutar tetanus mai sarƙe haƙora. Man birki da fetur ƙona nama suke yi. Ba gishiri, ba garin taba, ba yanar gizo-gizo. Ƙyalle mai tsabta da hannunka kawai.

In wuƙa ko ƙarfe ko kwalba ta maƙale a ciki, kada ka zare, ita ce ta toshe ramin. Danna gefe da gefenta. Kuma masu zagaye mai rauni suna ɗaukar hoto da waya, ku ji tsoron Allah, ku matsa ku ba shi iska.

Darasi na 4: Ɗaurin matse jijiya

Wannan na hannu ne da ƙafa kaɗai, kuma sai jini ya ƙi tsayawa duk da dannawa, ko gaɓa ta guntule. Nemi ƙyalle mai faɗi, ba igiya ko waya ba. Ɗaura shi sama da raunin, tsakanin rauni da gangar jiki, tazarar yatsu uku, ba a kan gwiwa ba. Sa sanda mai ƙarfi a ƙullin, ka murɗa har jini ya tsaya, ka ɗaure sandar. Rubuta lokacin a jikin ƙyallen. Kada ka kwance, aikin likita ne.

Darasi na 5: Neman taimako

Kada ka ce, "Wani ya kira." Nuna mutum ɗaya: "Kai mai jar hula, kira 112." Ita ce lambar neman taimakon gaggawa a Nijeriya. In haɗarin mota ne, lambar jami'an kiyaye haɗurra 122 ce. A cikin mota ma ci gaba da dannawa, kada ka ɗaga. Lulluɓe mai raunin, kada a ba shi ruwa ko abinci, domin mai yiwuwa a yi masa tiyata. Dokar Nijeriya ta 2017 ta wajabta wa asibiti karɓar wanda aka harba ko babu takardar 'yan sanda.

Darasi na 6: Haɓo

Yaron ya zauna, ya sunkuyar da kai gaba, ba baya ba. Matse laushin hanci minti 10. Nan ma ba a saki a leƙa.

Darasi na 7: Akwatin taimakon gaggawa na makaranta

A sa bandeji, safar hannu, almakashi da ƙyallaye masu tsabta. Kada a kulle shi a ofis a tafi da makulli. A nemi ƙungiyar Red Cross ta kusa ta zo ta nuna wa malamai.

Aikin gida: koya wa mutum biyu darasi na 2.