Kurakuran da ke kashe oba-oba a hannun 'yan sintiri

Shekara ta shida ke nan ina riƙe da kayan sadarwar 'yan sintirin unguwarmu. Ni ke raba oba-oba, wato ƙaramin rediyon hannu da muke magana da juna da shi, bayan sallar Isha, ni ke karɓa da Asuba, ni ke kai wa mai gyara idan ta lalace. Duk sabon yaron da ya shigo, ɓarnarsa iri ɗaya ce da ta wanda ya riga shi, kamar wani ne ke koya musu a hanya. Bakina ya gaji da maimaitawa, shi ya sa na zauna na rubuta. Ɗan agaji da mai gadin ma'aikata da mai tsare ƙofar biki, duk maganar ta shafe su.

Da eriya zan fara, don ita ta fi cin kuɗina, ita ta fi zubar mini da mutunci. Mutanen unguwa sun yi karo-karo aka sayo mana oba-oba guda 10, ƙananan nan masu layin magana 16. A cikin kuɗin har da na zawarawa masu sayar da ƙosai. Wata huɗu bai cika ba huɗu daga ciki suka zama bebaye: suna ji sarai, amma in ka yi magana ba mai jin ka sai wanda ke tsaye kusa da kai. Na kwashe su na kai wa mai gyara, ya buɗe ɗaya ya nuna mini wani ɗan abu da bai kai ƙwayar wake ba, ya ƙone. Ya tambaye ni, "Malam, yaranka ta eriya suke riƙe ta, ko?" Kuma haka ne.

Ga abin da ke faruwa. Idan ka danna madannin magana, na'urar tana tura ƙarfinta ne zuwa eriya, eriya ta watsa shi cikin iska. In babu eriya, ko ta kwance, ko siririn ƙarfen da ke cikin mahaɗarta ya karye, ƙarfin nan ba shi da mafita. Sai ya juyo baya ya taru a kan abin da ya turo shi, ya yi ta zafi har ya ƙone. Fitila za ta kama ja kamar kullum, kai kana ganin lafiya, alhali cikin ya riga ya mutu. Yaranmu kuwa ta eriya suke zaro ta daga aljihu, da ita suke nuna hanya, wani ma yana tafe yana kaɗa ta kamar bulala. Wani ya fi su duka: kwance eriyar yake yi don ta shiga aljihun wando, yana tafiya cinyarsa tana danna madanni. Daga aljihuna na maye gurbin guda huɗun nan, don amana ce, ban iya tsayawa gaban dattawa in ce a sake tara kuɗi ba.

Tun daga nan ba na miƙa wa kowa oba-oba sai na murɗa eriyarta da yatsu biyu na ji ta tsaya. Da yatsu, ban da filaya, domin matsewa fiye da kima ma karya mahaɗar take yi. Wadda ta lanƙwashe ko robarta ta tsage, ajiye ta nake yi har a samo sabuwa. Wanda na gani ya riƙe ta eriya kuwa, ranar da usur da tocila zai yi sintiri. Masu zuwa kasuwa su sayo doguwar eriya don burgewa, ku duba abin da aka rubuta a gindinta. Oba-oba samfurin BF-888S tana aiki ne a mitar rediyo tsakanin MHz 400 zuwa 470, wato zangon da ake kira UHF. In ka ɗaura mata eriyar VHF zalla, ta 136 zuwa 174, nisanka zai ragu, kuma kana gasa cikinta a hankali.

Na biyu shi ne madanni, kuma har yau in na tuna raina yana ɓaci. Oba-oba ba waya ba ce. A layi ɗaya mutum ɗaya ne ke magana, saura su saurara, kuma mai magana ba ya jin kowa sai ya saki. Wani dare cikin sanyi, wajen ƙarfe biyu, wani yaronmu ya sa tasa a aljihun baya ya zauna a bencin mai shayi. Ya danne madanni bai sani ba. Kusan kwata guda muna jin hirar ƙwallo da ƙarar suyar ƙwai, ba halin tsawatar masa tunda ba ya jin mu. A daidai lokacin mutuminmu da ke can ƙarshen unguwa ya hango ana haura katangar wani shago. Ya yi ta kira, ya yi ta kira. Ba wanda ya ji, domin idan biyu suka danna tare, wanda ya fi kusa da kai shi ke danne na nesa. Wayarsa ba kati. Kafin ya rugo ya same mu, an fita da babur da janareta. Da safe mai shagon ya tare ni a ƙofar masallaci, bai ɗaga murya ba, cewa kawai ya yi, "Malam, to ina amfanin kuɗin da muka tara?" Ban sami amsa ba.

Wallahi wannan sakaci ne, ba ƙaddara kaɗai ba. Aljihun baya ba wurin oba-oba ba ne. A maƙala ta a ƙirji ko a ɗamara, inda ido zai riƙa ganin fitilarta: ja na nufin kai ke watsawa, kore na nufin wani ke magana. Ka ga ja ba ka danna ba, to kana toshe wa jama'a layi. Bayan wannan dare na kai su duka aka jona da kwamfuta, da manhajar nan ta kyauta mai suna CHIRP, aka kunna abin da ake rubutawa TOT aka sa shi a daƙiƙa 60. Yanzu ko mutum ya kwana a kan madanni, bayan minti ɗaya na'urar za ta yanke da kanta. Na kuma sa aka kashe VOX, wanda ke sa ta watsa da zarar ta ji sauti ba tare da an danna ba. A kan babur ko cikin taro, bala'i ne. Muka ware layi na biyu da kowa zai koma in na farko ya toshe, kuma ba mai fita ba kati a wayarsa.

Yadda ake maganar ma sai an koya. Danna, ka ɗan dakata kamar numfashi ɗaya, sannan ka fara. In ka fara tare da dannawa, kalmar farko ta tafi, kuma sau da yawa ita ce sunan wanda kake kira. Kada ka saki sai ka dire. Fara da wanda kake nema, sannan kai: "Gida, Gida, Ƙofar Gabas ce, oba." Nisan yatsu huɗu tsakanin baki da na'ura ya isa, eriya a tsaye tana kallon sama. Ihu ba ya ƙara nisa, dagula murya yake yi. Ina son gaisuwa kamar kowane Bahaushe, amma ina gajiya da ya iyali da ya mai jiki a bari sai an haɗu. Sallama ta wadatar.

Akwai ruɗin da masu sayarwa ke cusa wa mutane, wai "na sa muku lambar sirri, ba mai jin ku." Abin da suke nufi shi ne CTCSS ko DCS, kuma ba ya ɓoye komai. Aikinsa ya hana ku jin hayaniyar wasu, ba ya hana wasu jin ku. Duk mai oba-oba samfurin UV-5R, mai madannan lamba, zai iya laluben mita har ya faɗo kan taku ya zauna yana saurare, kuma shagon da ya sayar muku bai tambayi sana'ar wanda ya shigo bayanku ba. Don haka ban yarda a ce a layi Alhaji wane ya yi tafiya gidansa ba kowa, ko a faɗi lungun da muka laɓe ba. Mun laƙaba wa wurare sunayen da mu kaɗai muka sani, nakan sauya su duk wata. Ranar da guda ta ɓata, ranar nake sauya mitar sauran duka.

Sai masu dawo mini da ita suna cewa ba ta da ƙarfi, wai a kwali an rubuta nisa kaza. Wannan nisan sai a fili fetal ko daga kan dutse. Saƙon irin waɗannan na'urori kusan miƙe yake tafiya, gini da kwanon rufi da tudu duk suna cin sa. A cikin unguwa mai cunkoso, in ka sami kilomita 1 zuwa 2 ka gode Allah. Tsayi ya fi ƙarfi amfani: mai ƙaramar oba-oba a kan Dutsen Dala zai kai inda mai babba a lungun Kasuwar Kurmi ba zai kai ba. In ba a jin ka, fito daga mota, fito daga zaure, hau bene ko tudu. A duba SQL kuma. Shi ke rufe ƙarar shuuu ɗin nan, amma wasu don son shiru sai su kai shi 9, ya rufe har da muryar na nesa. Ni a 3 nake barin namu.

Tun da aka rufe layukan waya a Zamfara a watan Satumba na 2021, na sha samun masu tambayata yadda za su sayi oba-oba, tunda ita ba ruwanta da turakun kamfanonin waya. Abin da nake fara gaya musu shi ne mita ba dajin Allah ba ce da kowa zai shiga ya yi sara. Hukuma ke raba ta, a Najeriya Ma'aikatar Sadarwa ta Tarayya da hukumar sadarwa ta NCC, a Nijar kuma takwararta ARCEP. Na'ura mai madannan lamba za ta bar ka ka rubuta mitar da ba taka ba, har da 156.8 da duniya ta keɓe wa jiragen ruwa don neman agaji. Ku nemi izini, ku sanar da ofishin 'yan sandan yankinku, kowa ya riƙe katin shaidarsa. A wannan zamani, a tare ka da dare da oba-oba ba takarda ba ƙaramar magana ba ce.

Batir kuwa zafi ne ajalinsa. A watan Afrilu da zafi ke haura 40, sai ka ga mutum ya bar ta a gaban mota cikin rana, ko a kan janareta tana caji. Kada a shanye batir ƙarƙaf a jefa a durowa wata da watanni, zai iya ƙin tashi. In za a ajiye, a bar shi da kamar rabin caji, a cire shi daga jiki. Ni nakan kashe na'ura kafin in ɗora ta a caja, kuma ba na jona caja sai janareta ya tashi ya daidaita, don biyu sun ƙone mini a tashin farko. Kada a gauraya caja don kawai bakin ya shiga: batirin BF-888S bolt 3.7 ne, na UV-5R 7.4. Wanda ya kumbura a cire shi nan take, ban da huda shi da allura, ban da jefa shi a wuta. Masu kwana suna haska hanya da 'yar fitilarta ko sauraron tashar FM da ita, ku ne ƙarfe uku ke yi muku da mataccen batir.

Saura ƙanana ne. Ƙurar hunturu tana toshe ramukan sifika, busasshen burushin haƙori ya ishe ta. Murfin robar da ke gefe a riƙa rufe shi in ba a sa abin kunne ba. Ban da goge ta da fetur ko kalanzir. Da damina a sa ta a leda, murya tana ratsawa. In ta jiƙe a cire batir, a shanya a inuwa kwana biyu, kada a kunna don a gwada. A nisanta ta da wurin walda, maganaɗisun sifika yana jan garin ƙarfe. Kada a sauya batir a gidan mai, kada a danna ta inda ake fasa dutse da nakiya. Ba abin wasan yara ba ce.

Na rubuta wa kowace lamba da fenti, batirinta ma haka, kuma akwai littafin da mai karɓa ke sa hannu. Kafin a watse, kowa zai taka zuwa bakin layi ya kira ni da lambarsa in amsa. Wanda muryarsa ta zo a dagule ya dawo in duba eriyarsa, in ba ta gyaru ba ya bi abokinsa su tafi su biyu da guda ɗaya.