Yadda mutum zai kwantar da hankalinsa bayan an tabbatar masa yana da ciwon suga

A ranar da likita ya faɗa wa mutum cewa yana da ciwon suga, sau da yawa babu abin da ke shiga kunnensa sai sunan ciwon. Saboda haka yana da kyau ya koma asibiti tare da wani na kusa da shi, ya rubuta tambayoyinsa a takarda tun daga gida, domin zuciyar da ke cikin firgici ba ta riƙe bayani.

Abin da ya fi cin rai a makonnin farko shi ne zargin kai, wato tunanin cewa kwaɗayin kayan zaƙi ne ya jawo masa. Wannan tunani bai cika daidai ba. Ciwon suga yana da manyan nau'o'i biyu. Nau'i na ɗaya yana faruwa ne idan garkuwar jiki ta lalata ƙwayoyin da ke samar da insulin, wato sinadarin da ke daidaita suga a cikin jini, kuma babu ruwansa da abin da mutum ya ci. Nau'i na biyu, wanda ya haura kashi 90 cikin 100 na masu ciwon, gado da shekaru suna da hannu a cikinsa sosai, tare da ƙiba da rashin motsa jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 kimanin mutum miliyan 830 ne ke ɗauke da ciwon, kuma ba dukkansu ba ne masu sakaci da jikinsu.

Na'urar gwajin suga ma tana iya zama abin fargaba, har mutum ya riƙa kallon lambar da ta fito kamar hukuncin kotu. A ganina, gara ya ɗauke ta a matsayin labari kawai: barci ya yi ƙaranci, ko damuwa ta yi yawa, ko abincin jiya ya wuce kima. Gwajin HbA1c da ake yi a asibiti shi ne ke nuna matsakaicin suga na wata biyu zuwa uku, don haka lamba ɗaya mara daɗi ba ta rushe ƙoƙarin watanni. Kada kuma ya ce sai ya gyara komai a mako guda. Tafiyar ƙafa ta minti 30, kwana biyar a mako, ta isa mafari.

Iyali su san cewa idan suga ya sauka ƙasa da 70 mg/dL a na'urar gwaji, musamman ga mai yin allurar insulin, mutum kan yi rawar jiki, zufa ta karyo masa, ya yi saurin fushi. Wannan ba halinsa ba ne ya canza, abu mai zaƙi yake bukata nan take. Idan kuwa baƙin ciki ya wuce mako biyu, barci ya ƙaurace masa, ko ya fara barin shan magani saboda gajiya da lamarin, to ya faɗa wa likitansa kai tsaye, domin wannan ma ciwo ne da ake yi wa magani.