Yadda za ka fassara mantarar Hindu daga Sanskirit ba tare da ka kwafsa ba

Mu nan Kaduna an taso da finafinan Indiya, tun daga Tudun Wada har Kawo da wuya ka samu wanda bai taɓa jin ana rera wata addu'a a gidan ibadar mabiya Hindu ba, su suna ce mata mantara. Toh idan kana son sanin me suke cewa, sani kawai ba wai bauta ba, ga yadda nake bi.

Da farko nemo asalin rubutun da inda ya fito. Misalinmu yana cikin Brihadaranyaka Upanishad, ɗaya daga tsofaffin littattafan addinin Hindu, 1.3.28: asato ma sad gamaya, tamaso ma jyotir gamaya, mrityor ma amritam gamaya.

Sai ka warware kalmomin, kuma nan ne aikin yake wallahi, domin a Sanskirit, tsohon harshen Indiya da aka rubuta mantarar da shi, ƙarshen kalma yakan canja saboda wadda ke biye da ita, ana kiran wannan sandhi. Asato asalinta asatah ce, sad kuma sat ce, jyotir jyotih ce, in ka shiga ƙamus da siffar da ka ji a kunne sai ka yi ta lalube. Ƙamus ɗin Sanskirit zuwa Turanci na Monier-Williams na 1899 yana intanet kyauta.

Sannan duba wutsiyar kalma. Ƙarshen asatah, tamasah da mrityoh (asalin asato, tamaso da mrityor) shi ke ɗauke da ma'anar "daga". Gam na nufin tafi, gamaya kuma umarni ne na sa wani ya tafi, kamar mu ce tafi da ni ko kai ni. Harafin a a farko yana kore ma'ana, mrita matacce, amrita wanda ba ya mutuwa.

A kula da ma ɗin nan! Tana iya zama "kada", tana iya zama "ni". A nan "ni" ce, ka ɗauke ta "kada" ka juya addu'ar gaba ɗaya.

Ga fassarata: daga abin da ba gaskiya ba kai ni ga gaskiya, daga duhu kai ni ga haske, daga mutuwa kai ni ga dawwama. Ban sa "ƙarya" ba da gangan, don sat ba gaskiyar magana kaɗai ba ce, abin da yake akwai shi ne da gaske, shi ya sa in ka rubuta taka fassarar ka ƙara ɗan bayani a kan wannan kalmar a ƙasa.